Kujerar Tela a Falon Mama Nas

“Rubutun wa ne wannan?”

Auta ta buga takardar a kan tebur. An idar da sujadar Lahadi ke nan, ko kujerun roba ba a tattara ba.

Su goma sha huɗu ne ke taruwa a falon Mama Nas, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da ta buɗe musu gidanta. Sati uku ke nan kujera ɗaya ba kowa. Tela ya daina zuwa.

Tela kurma ne tun haihuwa. Ranar da ya fara zuwa, ya zauna can baya yana bin bakin mutane da ido, Auta ce ta matsa kusa tana rubuta masa wa'azin. Shi kuma ya koya mata maganar hannu. Kafin shekara ta zagayo, kowa ya san inda aka dosa.

“Jiya na je shagonsa,” in ji Auta. “Ko kallona bai yi ba, wannan da aka aika masa ya miƙo mini. Wai tausayinsa nake ji! Wai ikilisiya ta gaji da shi!”

“Rage murya,” in ji Yayanta. “Ko wa ya rubuta, ya taimake ki. Ke da karatunki, ki ƙare da wanda ba zai ji kukan ɗansa ba?”

“Ni zan ji masa, Yaya. Da Baba ya rasu, masu kunne duk sun yi ta'aziyya sun watse. Shi kaɗai ya lura kwana biyu ban sa komai a bakina ba. Shi nake so, kuma shi zan aura!”



Mama Nas ta sa tabarau ta duba takardar.

“Ai na san hannun nan. Shi ke rubuta mana waƙoƙi a allo.”

Aka juya ga Mai Jita, mai ba su waƙa, wanda ya shekara biyu yana neman Auta tana ce masa a'a. Gumi ya keto masa.

“Ni ne, Mama... kishi ne ya rufe mini ido.”

“Ba ni za ka gaya wa ba, ɗana. Kowa ya ɗauki kujerarsa!”

Haka suka bi layi da kujeru a ka, maƙwabta na leƙe. Tela na zaune gaban keken ɗinki, ya tallafe haɓa. Da ya ɗago ya gan su cike da ƙofar shago, sai ya miƙe zumbur.

Mai Jita ya durƙusa ya rubuta da allin yankan yadi: “Ƙarya na yi maka. Ka gafarta mini.”

Mama Nas kuwa ta ɗaga hannu za ta ce “dawo gida”, ta yi ta kokawa da yatsu. Tela ya fashe da dariya, hawaye na zuba.

“Me na ce?” ta tambaya.

“Kin ce ya dafa gida, Mama,” in ji Auta.

“To ya dafa, in dai zai zo!”

Auta ta matsa gabansa, hannayenta suka ce, “Rabin raina, har ka yarda da takarda ka bar ni?”

Ya sunkuyar da kai, sannan ya kama hannun Mai Jita ya tashe shi. A nan cikin ƙyallaye suka yi addu'a, Yaya na tsaye a ƙofa yana kallonsu.

Bayan kwana biyu Auta ta hango babur ɗin Yaya a ƙofar shagon. Washegari ma haka. Da ta tambaye shi, sai ya ce wando ya kai gyara.

Wata huɗu ana gyaran wando!

A falon aka ɗaura auren, Yaya ne ya riƙo hannunta ya kawo ta. Bayan sun yi alkawari da hannu, Tela ya waiwayi Yaya. Yaya ya dafa maƙogwaronsa, ya gyaɗa masa kai.

Tela ya ja numfashi.

“Au... ta.”

Muryar a shaƙe ta fito, a karkace, amma sunanta ne. Bai taɓa furta kalma ba sai yau.

Ta dafe ƙirji, ta juya ga Yaya.

“Kai ka koya masa?”

“Ke dai ki amsa,” in ji Yaya yana goge ido. “Mijinki na kira.”

Ta kama hannun Tela ta ɗora a wuyanta don ya ji.

“Na'am, masoyina!”