Lasifikar Bakin Rijiya

Dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufin kicin ana dab da kiran magariba, Lastri tana kwashe shinkafa. Mijinta Harjono bai ko ɗaga kai ba. Ya ce mangwaro ne, alhali duk unguwarsu a garin Pekalongan an san mangwaron gidan ya shekara uku bai yi fure ba.

Harjono mai gyaran kwamfuta ne, irin mutanen nan da ba sa iya ganin abu yana aiki su ƙyale shi. A lungun falo akwai tsohuwar kwamfutar marigayi mahaifinsa, Mbah Wiryo, wadda ba a kashe ta dare da rana. Da ta fara nauyi sai ya ƙudura sake ɗinka mata kenel, wato zuciyar manhajar da ke magana da ƙarafan cikinta. Kenel na gama-gari kamar rigar gwanjo yake, an yi shi ya shiga kowa, shi kuwa ɗinki daidai jiki yake so. Hanyarsa gajeriya ce: ka sa kwamfuta ta faɗi na'urorin da ke jone da ita a wannan lokacin, ka riƙe direbobinsu, wato ƙananan manhajojin da take gane su da su, sauran ka zubar. Haka ya yi ranar Asabar. Kwamfuta ta tashi garau, ya kwana biyu yana yabon kansa.

Daga nan jifa ya zama na kullum, daga magariba zuwa isha, ba ƙari. A rana ta shida 'yarsu Sekar, mai shekara goma sha huɗu, ta je ɗebo ruwa a rijiyar da ke bayan gidansu, aka ji ta shiru. Suka same ta zaune a bakin rijiyar, ta karkata kai kamar mai sauraro. Ba ta sake magana ba, ba ta kuma karɓi abinci ba. A asibiti aka auna duk abin aunawa, aka ce lafiyarta ƙalau. Lastri ta gaji da kuka, sai dai ta zauna da cokali a hannu har shinkafar ta huce. Tsoro ya cika Harjono, don yana gani yarinyar tana ƙarewa a gabansa.

Rana ta tara Kiai Basuni, malamin da ake kira idan abu ya fi ƙarfin likita, ya iso a kan tsohon babur ɗinsa. Ya zauna kusa da Sekar ya fara karatu a hankali. Rana ta faɗi, gidan ya yi tsit. Can bakin yarinyar ya buɗe, muryar tsoho ta fito, ba fushi a cikinta sai gajiya.

"Ya isa, Kiai. Ni ma musulmi ne."

"To me yarinya ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. Na yi jifa har hannuna ya gaji, ba wanda ya tambaya. Ba ni da baki sai nata."

Kiai ya gane aljani ne, ya ce ya faɗi kukansa. Aljanin ya ce shekara goma sha ɗaya ke nan yana zuwa bakin rijiya kowace magariba yana sauraren karatun Mbah Wiryo, an wayi gari an kashe masa.

Nan take Harjono ya tuna. Kafin tsohon ya rasu ya naɗi karatun Alƙur'aninsa, ya sa kwamfutar ta riƙa sakinsa da magariba ta wata 'yar lasifika da ya rataye a bakin rijiya, inda yake alwala. Lastri ta ce cikin sanyin murya ranar Asabar ta zare wayar don ta goge ƙasa, ta mayar da yamma. Ashe a wannan tsakanin Harjono ya yi aikinsa. Kwamfuta ba ta ga lasifika ba, shi kuma ya zubar da direbanta da hannunsa.

Aljanin ya nemi a bar masa yarinyar, tunda ta haddace karatun kakanta. Kiai ya ce wannan kam ba za a yi ba, ya tsoratar da shi da Allah. Suka ja, suka ja, har aka tsaya a kan cewa in murya ta dawo gobe da magariba zai sake ta, ba zai ƙara taɓa kowa ba. Kiai ya sa shi ya rantse. Sannan idanun Sekar suka juyo kan ubanta.

"Pak Harjono, ni da ba jininsa ba, tun ranar farko na ji shirun. Kai ɗansa, sai da aka faɗa maka."

Harjono ya tashi ya nufi kwamfutar.

Haɗa sabon kenel a tsohuwar kwamfuta aikin haƙuri ne. Na farko ya tsaya a hanya, don gaggawa ta sa ya tsallake wani abu. Na biyu ya fara washegari da hantsi. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, rubutu yana ta hawa kan gilashi, shi yana zaune ba abin da zai iya sai kallo. Sai da rana ta yi ja aiki ya ƙare. Ya kashe, ya kunna.

Ladan ya kira salla. Daga bakin rijiya aka ji gyaran murya, sannan bisimilla. Sekar ta yi ajiyar zuciya, ta dubi uwarta ta ce, "Bu, yunwa nake ji."

Harjono ya bar su ya fita bakin rijiya, ya tsaya har karatun ya ƙare, abin da bai taɓa yi ba a shekara goma sha ɗaya. Bayan aya ta ƙarshe tsohon ya yi ɗan tari, ya shiga addu'a, ya ambaci sunan Harjono sau uku, yana roƙon Allah ya tsare masa shi da 'ya'yansa.