Ɗinkin Bayan Buhu

"Yau ma wake? Haba Madam Awo, ko 'yan kurkuku ai ana canza musu!"

Tela ne ya leƙo kicin yana dariya. Matarsa ta nuna masa takardar da ta manna a jikin ƙofa.

"Karanta mana, Dear. Litinin wake, Talata shinkafa, Laraba a soya wadda ta kwana da albasa da ƙwai ɗaya. Nama sai Asabar, shi ma in ka yi ladabi."

Shi ya laƙaba mata wannan suna, don ko gishiri sai ta auna. Kasuwa ba ta zuwa sai rana ta yi sanyi, lokacin da masu tumatir suka gaji da ciniki. Buhun shinkafarta kuwa layi goma sha biyu ta ja masa da biro, kowane layi mako guda, ta ɗaure bakinsa da wani ƙulli nata na daban. Cikinta wata shida ne, duk abin da ta tsimi kuɗin haihuwa take tarawa.

A mako na biyar ta tarar shinkafa ta sauka har layi na bakwai.

"Dear, shinkafar nan tana gudu fa."

Bai ɗago daga wayarsa ba. "An taɓa ƙullinki?"

"A'a."

"To hannunki ne ya yi nauyi. Ki rage."

Baiwar Allah ta yarda, ta kuma rage, amma daga nata. Ta cika masa kularsa ta shago kamar kullum, ita ta wuni da ruwan shayi. In ya ce ta matso su ci, sai ta ce ta ƙoshi. Yana gani, sai ya cinye abinsa.

Ranar awo nas ta dube ta sama da ƙasa. "Jininki ya yi ƙasa sosai! Kina cin abinci kuwa? Kina wasa da ran yaron nan!"

Ta dawo gida jiki ba ƙwari, ta jawo buhun daga jikin bango don ta ɗebi na rana. Nan ta gani. An farke bayansa tsawon tafin hannu, an mayar da shuɗin zare. Ɗinki ne ƙanana, a jere, tsaf, da ƙulli biyu a ƙarshe. Ko a mafarki ta san hannun nan, na Tela ne, shi ya kalmashe mata rigar aurenta. Mutumin ko sata zai yi, ba ya iya mugun ɗinki!

Tana durƙushe a wurin sai ga sallamar yayarsa, riƙe da jaka, Tela na biye da ita.

"Ƙawayena za su zo Lahadi, ya ce zai ƙara min," in ji Yaya. Da ta ga buhun a juye sai ta taɓe baki. "To sai me? Kayan ƙanina ne! Ke da kike auna masa abinci kamar magani!"

Madam Awo mijinta ta kalla, hawaye na zuba.

"Wallahi ba shinkafar ce ta ƙona min rai ba. Da ka ce Yaya na so, da hannuna zan auna mata in sake tsari. Amma ka ce hannuna ne! Sati uku kana kallona ina shan ruwan zafi da cikinka a jikina, kana gudun ɓacin ran Yaya. Ka cuce ni, Dear — ka cuce ni!"

Ta ajiye masa katin asibiti a hannu. Ya karanta, ya sunkuyar da kai. Yaya ta naɗe jakarta ta fita sum-sum.

Madam Awo ba ta haɗa kaya ba, ba ta kai ƙara ba. Ta ci gaba da girki, sai dai dariya ta ƙaura daga kicin ɗin. Shi kuwa ya je ya faɗa wa Yaya cewa daga yau mai buhu ake tambaya. Ya karɓi ƙarin ɗinki, kullum ya shigo da hanta da ganye, ba ya kai loma sai ya ga ta cinye nata.

Ta sauka lafiya, namiji, kuma abin da ta tsimi ya isa har da saura. Bayan wata biyu Yaya ta zo da biro a hannu, kanta a ƙasa, wai a koya mata jan layi, albashin mijinta ya daina kai su ƙarshen wata. Madam Awo ta jawo mata kujera.

Taimakon ɗan'uwa ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka ɗauka a ɓoye, ka bar wadda ta amince da kai tana zargin kanta.

Tun kafin haihuwar, da shinkafar ta ƙare, Tela ya ɗauki buhun zai yar.

"Ajiye shi," in ji ta. "A ciki za mu juye sabuwar. Na yafe maka, amma ɗinkin ya riƙa kallon waje."