Rufin Gidan Garuba Mahauci

Yammacin wata Talata ce a farkon damina, kuma babu abin da ya bambanta ta da sauran ranaku. Rana ta yi ƙasa, iskar teku ta fara shigowa lungunan Zango da danshinta mai gishiri, rediyon maƙwabta na ta rera waƙoƙin jam'iyya kamar kullum. Ajaratu, matar Garuba mahauci, tana tsugune a tsakar gida tana kaɗa miyar kuɓewa. 'Yarsu Asiyatu, wadda ta dawo daga makaranta tun la'asar, tana cikin ɗakinta tana bitar darasin Faransanci da ƙarfi.

Ladan ya ɗaga murya ke nan sai dutse ya faɗo, tim, dab da murhu.

Ajaratu ta leƙa waje, lungu babu kowa. Ta dawo, wani ya sake faɗowa. Da ta sa hannu ta ɗauke shi, sai ta ji shi da santsi da yauƙi, baƙi wuluk, yana wani irin ɗoyi da ya sa ta yar da shi ba shiri. Sau uku ta wanke hannun da sabulu, warin bai fita ba. Tana cikin gogewa sai ga abu na uku ya faɗo tsakiyar tukunya, miya ta fallatsa. Ƙahon saniya ne, tsoho, kuma daga bakinsa tsutsotsi farare suka riƙa fitowa suna iyo a cikin kuɓewar. Ajaratu ta ɗauki tukunyar ta juye a kwata tana yunƙurin amai. Ran nan gari da ruwa aka sha a gidan mai sayar da nama.

Sai an san rufin gidan nan kafin a gane abin da ya biyo baya. Mahaifin Garuba, marigayi Idrisu, shi ya kafa kwanon tun zamanin Turawa, kuma tun daga lokacin iskar teku take cinsa. Tsatsa ta cinye gindin ƙusoshi. In ka shiga ɗakin Asiyatu da tsakar rana za ka ga haske na leƙowa ta tsagar silin, shi kuma silin ɗin ya kumbura, ya yi zane-zanen ruwa launin shayi. Kowace safiya sai yarinyar ta kakkaɓe garin katako daga kan matashinta. In ka tsaya a titi ka duba, tsakiyar rufin ya lotsa kamar bayan tsohon jaki.

Shekara uku kafin wannan, Ajaratu ta matsa har aka kira wani kafinta daga unguwar Bè, sunansa Komlan. Ya hau, ya ɗaga kwano ɗaya, ya soka wuƙa a jikin babban katakon da ke ɗauke da rufin, sai ta shige kamar a jikin dafaffiyar doya. Ya sauko yana share hannu.

"Maigida, wannan ya wuce faci," in ji shi. "Da kwano ne kaɗai ya huje, da na toshe maka yau. Amma katakon ya mutu. A sauke duka, a yi sabo."

Garuba ya waiwaya hagu da dama, ya yi ƙasa da murya, don a zamanin nan ba a maganar hukuma da baki buɗe. "Kai ba ka ji za a tashi Zango ba? A kwashe mu a kai mu bayan gari. In yi sabon rufi don katafila ta zo ta taka?"

Da wannan magana ya kori kafinta, da ita yake rufe bakin matarsa kowace damina. Ba rashi ne ya hana shi ba, Garuba yana yanka shanu biyu a rana. Taurin kai ne kawai da son jiki. In iska ta ɗaga kwano, sai ya jefa dutse ya danne. In wuri ya fara yoyo, sai ya taho da ɗanyen ƙirgi daga abatuwa, mayankar gari, ya shimfiɗa a kai, ya danne da ƙahoni da ƙoƙon kan saniya, daga kan tsani, ba tare da ya ko hau ya duba ba. Rana ta dafa, ruwa ya jiƙa, ƙirgi ya ruɓe, ya ƙara wani a kansa. Ungulu kansu sun san gidan. Kai, abin kunya ne a ce mutum mai salla biyar ne ke kwana ƙarƙashin wannan ƙazanta.

Washegari da magariba jifan ya dawo, haka jibi, haka gata. Bai taɓa samun kowa ba, amma komai ya faɗo sai an toshe hanci. Bayan jifan kuma sai a ji nishi daga sama, doguwar ajiyar numfashi irin ta wanda kaya suka yi wa nauyi, sannan a ji an tofar da yawu, tuf. Maƙwabta suka daina aiko a ɗebo musu wuta. Shi kuwa Garuba, da safe sai ya tsince duwatsun da ƙahonin ya mayar da su kan rufi, yana zagin mahassada.

Rana ta biyar, ana kiran magariba, karatun Asiyatu ya tsaya cak. Shirun ya yi tsawo har Ajaratu ta ajiye ludayi. Sai ga yarinyar ta fito daga ɗaki a duƙe, wuyanta a karkace, kafaɗar dama ta yi ƙasa kamar mai ɗauke da buhun masara. Idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Ta zo tsakiyar gida ta durƙusa, ta riƙa kelaya wani baƙin ruwa mai warin ruɓaɓɓiyar fata.

"Asiyatu! Ke Asiyatu!"

Yarinyar ta ɗago. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a dushe. "Kada a mayar da ita ɗakin can."

Da abin ya sake ta, ba ta tuna komai ba, sai kuka take tana cewa kafaɗarta za ta ɓalle. Garuba ya ce iska ce, ta kwanta ta huta, kuma a ɗakin nan ya sa aka kwantar da ita. Kwana biyu aka yi haka, kowace magariba ana jawo ta waje da rarrafe, har gwiwoyinta suka sale. A na uku Ajaratu ta yafa mayafi, ba ta nemi izinin kowa ba, ta tafi wurin Alfa Haliru, dattijon malamin da ke karantarwa a bayan masallacin Juma'a.

Alfa ya zo bayan la'asar. Kafin ya yi sallama ya tsaya a ƙofar gida, ya daɗe yana kallon rufin, sannan ya ja gefen rawaninsa ya rufe hanci. Aka shimfiɗa masa buzu a tsakar gida, aka zaunar da Asiyatu gabansa. Ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba, har inuwa ta cika gidan. Ladan na cewa Allahu Akbar, kafaɗar yarinyar ta yi ƙasa, wuyanta ya karkace.

"Assalamu alaikum," in ji Alfa.

"Wa alaikumus salam, Alfa."

"Musulma ce ke, ashe. Wace ce?"

"Maimuna, aljana. Tsakanin silin da kwano nake zaune, tun ranar da Idrisu ya buga ƙusar farko. Da bismilla ya buga ta, shi ya sa na zauna."

Garuba ya miƙe tsaye. "Allah ya gafarta malam, a ƙona ta! A kore ta daga gidana!"

Aka yi wata 'yar dariya ta bakin Asiyatu, marar daɗin ji. "Zauna, Garuba. Ina nan aka yanke maka cibiya. Ba sai an ƙona ni ba, ni ma na ƙosa in tafi. Alfa, wurin nan da tsaf yake, a nan nake sallata. Yau fa? Ruwan mushe ke ɗiga a kaina. Ɓeraye na mutuwa a gefena suna kumbura. Tsutsa na bin wuyana tana shiga kunnena, ba ni da hannun da zan kaɗe ta. Shekara uku rabona da in kai goshina ƙasa, a tsaye nake salla."

"Me ya hana ki tafiya?"

"Katakon da ke saman gadon yarinyar nan ya karye tun daminar da aka kori kafinta. Kafaɗata ce a ƙarƙashinsa."

Ajaratu ta sa hannu biyu ta riƙe bakinta.

"Jifan fa?" in ji Alfa.

"Kaya nake ragewa. In na samu na ture dutse ɗaya da ƙafa, da safe wannan ya mayar mini da shi, har da ƙari. Na yi nishi, ba a ji ba. Sai na kama yarinyar, don in fitar da ita, don kuma in sami bakin magana. Na cuce ta, na sani. Amma ƙarfina ya ƙare, Alfa. Yau zan saki."

Alfa Haliru ya ja carbi. Can ya ce, "Baiwar Allah, yarinya ba ta yi miki laifi ba, ki fita daga jikinta yanzu, kada ki sake komawa. Katakon kuma ki ƙara haƙuri kwana bakwai, a nemo kafinta."

"Bakwai? Ko uku ba zan iya ba."

"To, biyu."

"Zuwa magaribar gobe, albarkacin Idrisu da albarkacin wannan matar da take share ɗakin kullum tana istigfari. Kuma da sharaɗi. Duk abin da Garuba ya ɗora mini, shi zai hau ya sauke da hannunsa. Kada ya sa kowa. Ina so ya shaƙi abin da na shaƙa."

"Za a tashi Zango fa," in ji Garuba, murya ƙasa-ƙasa, don ya saba da faɗin hakan har ba ya jin kansa.

Maimuna ta ce, "Kwano ƙusa ce ta riƙe shi. Ran da aka tashe ku, ka zare ka tafi da abinka. 'Yarka fa, in ya danne ta, da me za ka tafi?"

Asiyatu ta yi atishawa sau uku, ta faɗi jikin uwarta, kafaɗarta ta miƙe. Alfa ya tofa mata addu'a, ya naɗe buzunsa. Ko ruwan gidan bai sha ba.

Da gari ya waye Garuba bai je abatuwa ba. Ya hau tsani, mutanen lungu suka fito suna kallo daga nesa, kowa hannu a hanci. Ƙirgin farko da ya ja ya rabu biyu a hannunsa, ƙasansa na motsi da tsutsa. Ƙoƙon kai ɗaya cike yake da baƙin ruwa da gashin ɓera, ya tuntsure masa a ƙirji. Mutumin da ya shekara talatin yana fiɗa yana wanke tumbi, sau huɗu yana amai a kan rufin gidansa. A ƙasa kuma Ajaratu da Asiyatu suka kwashe kayan ɗakin kaf, har gadon ƙarfe suka jawo tsakar gida.

Amma hali ba ya sauka da ƙahoni. Da yamma ta yi, Garuba ya yi wanka ya sa turare, ya tsaya ya ƙare wa rufin kallo. Ya gan shi a tsaye, ya ga hadari na haɗuwa ta wajen teku.

"Kin gani? Da aka rage masa nauyi ai ya miƙe. Faci kaɗan zai yi. Ku mayar da kaya kada ruwa ya jiƙa su."

"Baban Asiyatu," in ji Ajaratu, "shekara ashirin ban taɓa musa maka ba. Amma wallahi 'yata ba za ta sake taka ɗakin nan ba."

Ya yi tsaki, ya kinkimi gadon shi kaɗai, ya ja shi ciki yana haki, ya ajiye shi daidai inda yake da. Ya fito yana kakkaɓe hannu, ya buɗe baki zai kira Asiyatu ta kawo katifa. Sai ladan ya ɗaga murya.

Daga sama aka ji ajiyar numfashi, doguwa, ta wanda ya sauke kaya. Aka ji sallama, siririya. Sannan rufin ya tafi gaba ɗaya, da ƙarar da aka ji har bakin kasuwa. Ƙura da wari suka turnuƙe gidan, jemagu suka watse sama. Da ƙurar ta lafa, sai ga gadon ƙarfe ya naɗe biyu, babban katakon kwance a daidai inda Asiyatu ke sa kai.

Garuba ya zauna daɓas a ƙasa. Bai ce za a tashi Zango ba.

Komlan kafinta ya zo da safe, bai yi wa kowa gori ba, ya hau aikin kwashe tarkace. Duk inda ya taɓa katakon sai ya marmashe, gara ta cinye shi, ruwa ya ruɓar da saura. Sai wuri ɗaya, kusa da karayar, tsawon taƙi guda, da ya samu da ƙarfinsa. Ya yi sumul yana sheƙi, ya ɗan lotsa ciki daidai zaman kafaɗa. Kafinta ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce shi bai taɓa ganin irinsa ba. Asiyatu ta kai hannu ta dafa kafaɗarta ta dama.

Garuba ya miƙo hannu zai karɓa. Ajaratu ta riga shi. Ta wanke guntun katakon da sabulu, ta turara shi, ta naɗe a farin ƙyalle.

"Bari," ta ce wa mijinta, ba ta ko dube shi ba. "Shi kaɗai ne abu mai tsarki da ya sauko daga rufin nan, kada ka taɓa shi."