Ƙullutun Bishiyar Jeannine

Da magariba aka fara jifan. Aurèle yana zaune gaban miyar wake da ta riga ta huce, 'yarsa Maryse na wanke tukunya, sai wani abu ya faɗo kan rufin kwano, ƙwal, ya gangaro. Wani ya biyo baya. Aurèle ya ɗauki fitila ya zagaya gidan. Dusar ƙanƙara a shimfiɗe fes, babu sawun mutum babu na dabba, amma ga duwatsu a bakin ƙofa da ɗuminsu. Ya dawo ya ci gaba da shan miyarsa. Tun da aka binne matarsa Jeannine haka ya koma, ko gidan ne ya kama da wuta sai ya gama ɗaura takalmi.

Masassaƙi ne mai juya akushi a inji, duk yankin Beauce an san hannunsa. A bayan gidansa akwai tsohuwar bishiyar mapul, irin da ake tatsar ruwan zaƙi, wadda Jeannine ke hudawa da kanta duk shekara, tana yi tana surutu ita kaɗai. A gindin bishiyar akwai ƙullutu, ya kai tulu girma. Bayan rasuwar, don dai hannu ya sami abin yi, Aurèle ya sa zarto ya datse shi. Ya ɗora a inji tun yana ɗanye, ruwa na fesa masa a fuska, ya rarake shi ya zama akushi, ya bar masa kauri. Sannan ya yi abin da kowane masassaƙi ke yi: ya narka kaki ya shafe shi ciki da waje don kada ya bushe da gaggawa ya tsage, ya tura shi cikin buhun takarda da ɓarɓashinsa, sai baɗi.

Jifa ya zama na kullum. Sai Maryse ta daina cin abinci. Budurwa mai baki kamar rediyo, ta koma zaman ƙofar shagon sassaƙa tana numfashi da ƙyar. Likita ya duba ya ce ƙirjinta lafiya lau. Ranar da Aurèle ya tarar da ita tana kartar buhun nan da farce har jini, ranar ya je ya ɗauko tsoho Éphrem, wanda ya yi karatun zama fada a coci ya fasa, mai tsayar da jini da addu'a.

Rana na faɗuwa Éphrem ya zauna gaban yarinyar, ya kunna kyandir, ya daɗe yana karatu ƙasa-ƙasa.

"Kai wane ne?" in ji tsohon. "Me yarinya ta yi maka?"

Maryse ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta Jeannine ce sak, har da 'yar dishewar nan tata.

"Aurèle, cire takalman nan mana, ka ɓata mini daɓe."

Aurèle ya zauna a ƙasa.

"Tafi can, maƙaryaci," in ji Éphrem. "A gabana aka sa Jeannine a kabari. Ina ka samo muryarta?"

"Shekara da shekaru tana zuba mini ita a gindin bishiya, ba zan riƙe ba? Wancan mai zarton ya yanke mini ɗaki, na yi shiru. Ya rarake, na yi shiru. 'Ya'yana suka shige naman itacen, ya bi ya liƙe da kaki. Ba sa numfashi. Tasa 'yar don me za ta yi numfashi?"

"In ya kankare kakin, ya mayar da akushin gindin bishiyar fa?"

"Dole in kwashi nawa in tafi, har da muryar." Sai aka juyo wajen Aurèle, aka tausasa. "Ko kuwa, tsohona, ka kankare kawai, ka bar mana yarinyar mu zauna? Za ta ci, za ta sha. Kullum da yamma in kira ka cin abinci kamar da."

Éphrem ya rufe littafinsa. "Ɗana, ni karatu na iya. Hannun da ya liƙe shi zai buɗe."

Ba a ɓoye gaskiya, Aurèle ya so ya amince. Tun ranar jana'iza wannan ne abu na farko da ya ji a ƙirjinsa, kuma ya ji kunyarsa ƙwarai. Ya dubi 'yarsa, wuya duk ya zube, ido a buɗe amma ba ita ke kallonsa ba.

"Kira sunana sau ɗaya," ya ce.

"Aurèle."

Ya tashi ya ɗauki wuƙa, ya ciro akushin daga buhu. Ya kankare kakin tas, ya rungumi akushin ya fita cikin sanyi, ya ajiye a gindin bishiyar. Bai kai ƙofa ba ya ji akushin ya tsage a bayansa.

Ya tarar da Maryse tana tari, Éphrem na ba ta ruwa.

"Baba, ina ka je ba rigar sanyi?" ta tambaya, da muryarta ta ainihi.

"Nan baya," ya ce.

Ya tsaya riƙe da wuƙar, ya nemi yadda Jeannine ke kiran sunansa. Kalmar tana nan a kansa. Muryar ce babu.