Gadar da Ta Ba da Shaida

Bayan la'asar Injiniya Muhsina ta kai ƙara caji ofis a Agege: an sace na'urar awo da ta ɗaura cikin tsagar wata gadar ƙarfe ta tsallake titi. Sufeto Lado ya ɗauki hularsa ya bi ta.

Zayyanu, ma'aikacin da ke rubuta awon safe da rana, bai jira tambaya ba.

"Oga, da azahar na ga Baballe ya zura hannu ya ciro ta."

Baballe maigadi, wanda ke kama aiki da tsakar rana, ya riƙe gemu. Shekara ashirin yana gadi a Legas ba a taɓa ce masa ɓarawo ba, yau ga shi aikin da mutuncin za su tafi tare.

Iliyasu mai shayi a gindin gadar ya yi dariya.

"Da azahar? Ranka ya daɗe, in na soke maficina a tsagar nan da safe na manta, sai magariba gadar ke sakar mini shi."

Lado ya ɗauka surutun masu shayi ne. Amma washegari da hantsi ya zura hannunsa cikin tsagar har wuyan hannu. Da azahar ya dawo, ko yatsa biyu suka ƙi shiga. Ya juya wajen Muhsina.

"Wa ya matse ta?"

"Zafi," in ji Muhsina. "Ƙarfe na miƙewa in rana ta take, ya koma in iska ta yi sanyi. Shi ya sa muke awo sau biyu."

Lado ya buɗe littafin Zayyanu. Sati uku cur, lambar safe ita ce ta rana.

"Taka gadar ba ta jin zafi ke nan?"

Zayyanu ya sunkuyar da kai.

"Da rana babur ɗin okada nake ja a Oshodi, sai in kwafi ta safe. Da na ji Madam za ta duba abin da na'urar ta adana, na cire ta da asuba."

Aka sa masa ankwa, wani kofur ya tasa ƙeyarsa.

Baballe ya daɗe yana kallon tsagar, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya ɗora tafinsa kan ƙarfen mai zafi.

"Ikon Allah," ya ce. "Ni nake gadinki, ashe ke za ki tsare ni."