Kafintan da Ya Daina Zuwa Coci

Wata uku da rasuwar jaririyarta, Auta tana zaune a falon mahaifinta, hannuwa bisa cinya, ana maganar aurenta kamar ana maganar auren wata. Ba baƙin ciki take ji ba, ba ta jin komai ne kawai. Abinci ma a bakinta kamar dusa.

Baba dattijon ikilisiya ne, kujerarsa a sahun gaba take. Ya ce Lahadi goma sha biyu ke nan bai ga ƙeyar mijinta kafinta a coci ba, mutumin da shi ke kaɗa wa mawaƙa ganga. Mutane sun fara tsegumi, shi kuwa ba zai bar 'yarsa a gidan wanda ya juya wa Allah baya ba. Ya ce ta je ta kwaso kayanta yau ɗin nan.

Yayanta, wanda ake kira Farfesa don ya leƙa jami'a shekara biyu, ya ce shi coci ba ta dame shi ba, duk tatsuniya ce. Amma saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, ya nuna auren da aka yi rashin ɗa a cikinsa ba ya ƙarko, gara ta buɗe sabon shafi tun da sauran ƙuruciyarta. Ikon Allah, ranar ce uba da ɗa suka fara yarda a kan abu ɗaya.

Auta ta ce to, ta ɗauki jakarta.

Makullin gida yana wurin mijin, sai ta bi ta shagonsa da tsakar rana. Daga bakin ƙofa ta ji yana magana, ta zaci da mai sayen kaya yake. Da ta leƙa, shi kaɗai ne, ya ba ƙofa baya yana goge wani katako.

"Ubangiji, da hannun nan na yi wa 'yata gado, da shi na yi mata akwatin gawa. Ban gane ba, har yau ban gane ba. Haushinka nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Amma wurin wa zan je? Matata kawai nake roƙa wa. Ta bushe a gabana, ni kuma na rasa yadda zan yi da ita."

Auta ta zauna daɓas cikin garin katako. Kukan da bai zo ba ranar jana'iza, ranar ya zo, har da shessheƙa.

Da ta lafa, ta faɗa masa abin da ya kawo ta. Bai yi gardama ba. Ya ce ba zai iya ɗaukar ganga ya rera abin da zuciyarsa ba ta faɗa ba, yana jin tsoron yi wa Allah ƙarya a fuska.

"Ni kowace Lahadi ina can ina waƙa," in ji ta, "amma tun ranar ban ce wa Allah uffan ba."

"To faɗa masa hakan."

Ta faɗa, da ƙyar, kalma uku ko huɗu. Ba ta karɓi makullin ba. Ta kira Baba a waya ta ba shi haƙuri, ta ce tana ɗakinta ba inda za ta. Baba ya kashe wayar, ya yi wata biyar bai amsa gaisuwarsu ba, ko bayan da suka koma sujada a coci su biyu. Kowane mako suna zuwa gaishe shi, yana kawar da kai.

Sai ciwo ya kwantar da Baba, likita ya ce sai an yi masa aiki. Abokansa dattawa suka cika ɗaki da dogayen addu'o'i. Da suka watse, ya aika a kira masa surukinsa, ya riƙe hannunsa gam.

"Ɗana, tsoro nake ji. Yi mini irin addu'ar nan taka da Auta ta ba ni labari. Tawa ta zama hadda."

Kafinta ya durƙusa a gefen gado ya fara, Auta da Baba suna hawaye. Ai Allah ba ya ruɗuwa da kujerar gaba ko zaƙin murya. Wanda ya zo masa da gaskiyar zuciyarsa, ko da fushi ce da kuka, shi yake saurara.