Akwatin da Ba Shi da Ƙofa

Da ido ɗaya ya fara ganinta, don ɗayan ya kumbura ya rufe ruf.

Ranar Talata ce da hantsi. Maƙwabta suka kinkimo mai waldan bakin titi, wanda ake kira Tartsatsi, suka dire shi a kan bencin ƙaramin asibitin da ke bayan kasuwa, jini na bin kunnensa yana ɗiga a siminti. Nas ɗin da ke aiki ranar doguwa ce, baƙa, mai 'yar wushirya. Tana da sunanta mai kyau, amma duk unguwa Allura ake ce mata, saboda hannunta da bakinta duka suna suka.

"Mota ce ta buge ka?" ta tambaya tana aske masa gefen kai.

"Faɗuwa na yi."

"To ƙasar da ka faɗa a kai tana sa zobe, ga shatinsa nan a kumatunka. Riƙe nan, kada ka motsa."

Ɗinki bakwai ta yi masa, bai ce uffan ba. Mutane suka ce jarumta ce. Ni dai na san kallonta yake yi har ya manta da zafin.

Wanda ya yi masa wannan aika-aika wani ƙato ne da ake kira Guduma, ɗan aiken Mai Sarƙa. Shi Mai Sarƙa bashi yake bayarwa da ruwa, ofishinsa na saman shagon tayoyi, sarƙar wuyansa kuwa ta isa a ɗaure akuya. Shekara biyu da suka wuce Tartsatsi ya ci bashin dubu ɗari uku a wurinsa ya sayi injin walda da janareta. Tun daga nan duk mako yake biya, hannu da hannu, babu ko guntuwar takarda. Ranar da ya ce a yi masa lissafi, aka ce saura dubu ɗari uku. Ya ce ta yaya? Amsar ke nan aka ɗinke masa a ka.

Bayan an cire zare da kwana biyu ya tura mata saƙo:

"Allurata, tun da kika cire zaren nan kaina ke juyawa. Ina jin kin manta wani abu a ciki. In dawo ki duba?"

Ta mayar masa:

"Abin da na manta ban saka maka ba hankali ne, kuma ya ƙare mana a sito. Ka zo bayan an tashi aiki. Ka taho da lissafin duk abin da ka taɓa ba mutumin nan."

Ya zo babu lissafi, sai lemo biyu a leda. Ta kalle shi ta kalli lemon, ta ce, "Wato da kuɗin bashi kake zuwa zance." Amma ta sha. Kafin wata biyu kowa ya san inda aka dosa.

Sai uban yarinya. Mahauci ne, mutum mai gajeren wuya da gajeren haƙuri. Tartsatsi ya sa rigarsa mai kyau ya je rumfarsa, ya durƙusa ya gaida shi, ya miƙe ya dafa kututturen saran nama yana neman inda zai fara. Bai ankara ba ya ji kaf! Wuƙar sara ta nutse a itacen, tsakaninta da ɗan yatsansa bai kai faɗin ashana ba.

"Kai ne mai bashin?"

"Ni ne, Baba."

"Ni ba babanka ba ne. Da idona na ga masu bin bashi sun jawo katifar ƙanwata sun jefa a titi, jaririnta na kwance a kai. 'Yata ba za ta ga wannan ba. Wata goma na ba ka. Ka kawo min takardar da ta ce babu mai binka ko sisi, ka kuma nuna min kuɗin da ka ajiye da guminka. In ka sake taka min rumfa babu su, yatsan zan nufa."

Da Allura ta ji, ba ta yi kuka ba. Biro ta ɗauko.

"Tartsatsina, matsalarka ba samu ba ne, hannunka ne ke yoyo. Duk wanda ya ce maka wash sai ka zaro. Daga yau duk goman da ta shigo, bakwai ta bashi ce, biyu ka ci, ɗaya ka ɓoye inda kai kanka ba za ka iya taɓawa ba. Kuɗin bashin kuma ni za ka riƙa ba wa. Ina da mai kaiwa, kuma da rasit zai riƙa dawowa."

Washegari ya kira ta shago ta ga abin da ya ƙera. Akwati ne na ƙarfe mai kaurin yatsa, ya liƙe shi ta kowane gefe, babu ƙofa babu makulli, sai 'yar tsaga a sama daidai shigar takardar kuɗi. Ya kuma liƙe shi a jikin ginshiƙin shagon.

"To ran buɗewa fa?"

"Da zarto, a hankali, wuni guda cur. In aka sa masa wuta ƙarfen zai yi ja, abin da ke ciki ya ƙone. Kin ga ko zuciya ta zuga ni, kafin in yanka rabi na huce."

Ta yi dariya har wushiryarta ta fito. "Ashe hankalin bai ƙare a sito ba."

Haka suka yi wata takwas. Ya daina shan lemo, ya daina ba abokai rance, har suka sa masa suna Ɗan Maƙo. Duk Alhamis Allura ta nuna masa rasit mai sa hannun Mai Sarƙa da ragowar bashin a rubuce, sannan ta mayar da shi cikin gwangwanin auduga a asibiti. An fara daga dubu ɗari ukun da ya ce, tunda na baya babu shaida. Abin ya yi ta sauka har saura biya biyu.

Nan ne magana ta tashi. Aka ce ai duk Alhamis ana ganin Allura da kanta tana hawa benen Mai Sarƙa, a rufe ƙofa rabin awa, ta sauko tana murmushi. Aka ce har ya aika wa ubanta yana son a ba shi dama. Kada ku tambaye ni wa ya kai wa Tartsatsi wannan labari. Koma wace ce, da kyakkyawar niyya ta yi, kuma ta yi istigfari.

Ranar Alhamis da azahar ya ɗauki rodi ya hau benen nan yana tsallake matakala uku-uku. Duka ɗaya ya yi wa ƙofar ta ɓalle. Abin da ya gani: Mai Sarƙa a kujera, ƙafarsa ta hagu cikin roba, da wani gyambo a dunduniya da ciwon suga ya ci ya rarake, ɗakin duk wari. Allura na tsugune da safar hannu da almakashi. A kan gwiwarsa ga rasit, biro a hannunsa. Ashe tun farko haka suka yi da shi: za ta riƙa wanke masa ciwon a ɓoye, tunda ba ya son yaransa su san yana da rauni, shi kuma sai ya sa hannu kafin ta taɓa auduga.

Ƙarar ƙofar ta jawo masu tayoyi da masu shayi, suka cika matakala suna leƙe suna toshe hanci. Guduma ya ɗaga Tartsatsi sama ya wurgo shi daga bene. Ya sauko yana gaisawa da kowace matakala, ya bar haƙori ɗaya a ta biyar.

Wannan karon wata nas ce ta ɗinke shi. Allura ko kallonsa ba ta yi ba. Kwana goma sha ɗaya yana turo saƙo, ta amsa na ƙarshe kawai. Ga nasa:

"Sanyin idona, na yi hauka. Kin durƙusa gaban ƙafar da ta tattake ni saboda ni, ni kuma na zo miki da rodi. Ban cancanci ki yafe ba, amma ki yafe. Yau ma na saka ɗaya cikin goma."

Ga nata:

"Sirrin marar lafiya ne, shi ya sa ban faɗa maka ba. Maganar aurensa kuwa tun ranar na ce masa ƙafarsa kawai nake dubawa. Na tura biya biyun ƙarshe ta banki, ga shaidar nan. Babu mai binka, mai giɓi. Ka ci abinci mai laushi."

Amma Mai Sarƙa bai haƙura ba. Yara sun fara bin motarsa suna ɗingishi, masu bashi sun fara ɗaga masa murya. Ranar Asabar, rana tsaka, ya dira a shagon walda da Guduma da wasu ƙarti biyu.

"Bashin kuɗi ka biya," ya ce. "Saura na mutuncina. Buɗe wancan akwatin."

"Wallahi sai dai ka kashe ni."

Suka kusa. Tartsatsi ya fasa wa ɗaya hanci da kai, ya ciji ɗayan a kunne, kafin Guduma ya sauke masa bututun ƙarfe a dantse. Duk layin an ji ƙarar ƙashin. Suka danne shi a ƙasa, takalmi a wuyansa, Guduma ya jawo bututun gas na yankan ƙarfe ya kunna.

"Kada ka sa wuta!" Tartsatsi ya yi ihu, bakinsa cike da jini. "Ga zarto can! Ku ɗauka duka, amma kada ku sa wuta, zai ƙone!"

"Wayo yake yi a tara mana jama'a," in ji Mai Sarƙa. "Yanka."

Ƙarfe ya yi ja. Hayaƙi ya fara fita ta tsagar, siriri, sannan ya turnuƙe. Da murfin ya faɗo, wata tara na yunwa da haƙuri suna ci bal-bal. Guduma ya zura hannu don ya ceci wani abu, ya zaro shi yana kururuwa, fatar ta saɓule.

Daidai nan mahauci ya iso, Allura a bayansa da gwangwanin auduga, don wata mai tsaye a bakin titi ta ruga ta faɗa mata. Ita ce dai waccan mai kai labarin, ta biya bashinta ita ma. Tsohon bai yi sallama ba. Ya kifa wa Guduma faɗin wuƙar sara a ƙeya, ƙato ya zube kamar buhu. Sauran biyun suka haura katanga. Mai Sarƙa ya juya zai bi su, Allura ta taka masa dunduniyar hagu. Ta san wurin sarai. Yana nan yana birgima 'yan sanda suka zo, ta juye musu rasit talatin da shida da shaidar banki, da sunayen wasu mutum tara da ta gani a littafinsa lokacin da take wanke ƙafa.

Da aka watse, Tartsatsi ya jingina da ginshiƙi, hannunsa na reto, yana kallon tokar. Bai yi kuka ba da aka karya shi. Yanzu ya yi.

"Baba, ga takardar biyan bashin, amma ajiyar ta tafi. Saura wata ɗaya, hannun kuma ya karye. Na faɗi."

Mahauci ya tsuguna, ya sa tsinin wuƙa yana tona tokar. Kusurwoyin takardun kuɗin da wuta ba ta ci ba suka yi ta fitowa, ɗaruruwa, har suka cika masa tafi.

"Duk wannan kai ka zuba?"

"Ɗaya cikin goma, kullum."

"Ko ranar da aka wurgo ka daga bene?"

"Ranar ma."

Tsohon ya zubar da tokar ya ce, "Na ce ka nuna min, ka kuma nuna min. Tashi, ɗana, matarka ta ɗaure maka hannun nan kafin ka ɓata min riga."

Bayan wata uku aka ɗaura aure, ango da sabon haƙori, amarya da tsohon bakinta. Ba su ci bashin ko kujera ba. Kuɗinsu yanzu banki suke kaiwa duk ƙarshen mako, amma a kusurwar ɗakinsu akwai sabon akwati na ajiyar kullum. Wannan da ƙofa, da kwaɗo biyu, makulli ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurinta. Takardar kuɗin farko da ta shiga ciki mahauci ne ya saka, tana ƙarnin nama.

Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu riƙon hannu, ya raba su da bashi da masu binsa, ya kuma shirya masu kai labari, amma ba duka lokaci ɗaya ba.